Makaɗan Fadar Zazzau: Wa Zai Naɗi Waƙarsu ta Ƙarshe?

Ranar 31 ga Maris, 1981, wasu mawaƙa mata biyu, Mie da Kei, waɗanda aka fi sani da Pink Lady, suka yi wa masoyansu bankwana a filin wasa na Korakuen da ke Tokyo, ana tsuga ruwan sama. Kusan shekara biyar suka yi suna tashe a ƙasar Japan. An naɗi wasan, an kuma fitar da faifansa ɗauke da rana da wuri. Ko da yake sun sake haɗuwa daga baya, wannan dare ya shiga taskar tarihi.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bazazzagi da waƙar Japan? Ruwansa shi ne, makaɗin Hausa ba ya sanya ranar ajiye kiɗa. Tsufa ko ajali ne ke yi masa bankwana, sai daga baya mu farga cewa wasan da muka gani shi ne na ƙarshe. Dubi Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Waƙoƙinsa sun cika wayoyinmu, amma kaɗan ne ke ɗauke da ranar da aka rera su, ko wurin, ko sunayen makaɗa da 'yan amshi.

Idan haka ta sami Shata, ina ga masu tambari da kakaki da algaita na ƙofar fadar Zazzau? Tsakanin 1963 da 1964, wani Ba'amurke mai suna David Ames ya zauna a Zariya yana naɗar kiɗan fada da na masu sana'a. UNESCO ta fitar da wasu a faifai, sannan a 1971 shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Fiye da shekara 60 ke nan, manazarta na shan ruwa a wannan rijiya.

A idon mai nazarin harshe, waɗannan faya-fayai rumbun Hausa ne. Cikin kirari da take ake tsintar tsofaffin kalmomi, da sunayen sarautu, da salsalar gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Duk tsohon makaɗin da ya kwanta dama ba a naɗe shi ba, ya tafi da wani yanki na harshen.

Saboda haka ina kira ga Masarautar Zazzau da masana Hausa na Samaru su haɗa hannu su zauna da dattawan makaɗan birni. A naɗi murya da hoto, a rubuta rana da wuri da sunan kowa, a biya su haƙƙinsu, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Wayar da ke aljihunmu ta isa a fara. Tun ran gini, ran zane. Allah Ya sa mu farga.