Hazon Hunturu Ba Ya Zuwa Ba Sallama

Duk shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, hazo kan lulluɓe ƙasar Hausa. Jiragen sama su kasa sauka a Kano da Maiduguri, direbobi su kunna fitila da rana tsaka, asibitoci su cika da masu tari da ciwon fuka. Mukan ɗauki lamarin a matsayin baƙon da ke faɗowa babu sanarwa, alhali kuwa ana hango tahowarsa tun daga inda ya taso.

Mafi yawan ƙurar da ke iso mana tana tashi ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a da can ƙasan wani makeken tafki ne da ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi lallausar ƙasar wurin. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai ga ta a Zinder da Kano.

Taurarin ɗan'adam suna bin wannan tafiya daki-daki. Tauraron Meteosat na ƙasashen Turai yana ɗaukar hoton Afirka aƙalla duk bayan minti 15, dare da rana, domin yana auna ɗumin da ke fita daga doron ƙasa, kuma ƙura tana sauya wannan ɗumin ta hanyar da ta bambanta da ta gajimare. Taurarin Terra da Aqua, waɗanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 1999 da 2002, suna gano wuraren da wuta ke ci, su kuma auna kaurin abin da ke yawo a iska. Da yake ƙwayoyin hayaƙi sun fi na ƙura ƙanƙanta, masana kan iya rarrabe su. Wannan na da muhimmanci a gare mu, domin lokacin hunturu shi ne kuma lokacin ƙona daji, hayaƙin yakan cakuɗe da hazo.

Da irin waɗannan na'urori ne wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara zuwa tekun Atilantika kowace shekara, wani kaso ya sauka a dajin Amazon ya zame masa taki. Da su ne kuma aka bi sawun hayaƙin gobarar dajin Kanada a Yunin 2023, har aka gargaɗi mazauna birnin New York su rage fita.

To, mu ina namu gargaɗin? Cibiyar da ke Barcelona, ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, tana wallafa hasashen ƙura kullum a intanet, kyauta. Hukumar NiMet ma tana fitar da sanarwar hazo. Sai dai galibi da Turanci ne, a shafukan da manomi da ɗan acaɓa da uwar da ke goyon jariri ba sa leƙawa. Ga shi kuma muna cikin yankin da cutar sanƙarau ke addaba a watannin ƙura da bushewar iska. Annobar 1996 kaɗai ta hallaka sama da mutum 10,000 a Najeriya.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Gidajen rediyon jihohi su ware minti biyu kowace safiya su karanta hasashen ƙura da Hausa. Ma'aikatun lafiya su riƙa sanar da asibitoci kafin hazo mai kauri ya iso, domin a tanadi magunguna. Makarantu su hana yara wasa a fili a irin waɗannan ranaku. Sassan nazarin ƙasa na jami'o'inmu kuma su horar da ɗalibai kan karanta hotunan, tunda a buɗe suke ga kowa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Gargaɗin kwana ɗaya ya ishi mai ciwon fuka ya nemi maganinsa, direba ya ɗage tafiyar dare, uwa ta tsare jaririnta a ɗaki.