Bitan ya farfaɗo a Birtaniya, ɗan uwansa na Ostireliya yana ƙarewa

A 2024 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun ji kugin mazan bitan 283. A 1997 goma sha ɗaya kacal suka rage. Da kunne ake ƙirga wannan ɗan uwan zalɓe, don yana shigewa cikin dogayen ciyayin fadama, ya miƙe wuya sama ya saje da su, sai dai a ji namiji yana kugi kamar an hura bakin kwalba.

An yi ta murna, kuma ta dace. Abin haushin shi ne ɗan uwansa na jini, bitan na Ostireliya da Niyu Zilan, wanda kusan kamarsu ɗaya, kullum baya yake yi. A Niyu Zilan, inda Maori ke kiransa matuku-hūrepo, ba su kai dubu ba. Ni a ganina ruwa ne ya raba makomarsu.

Da Turawan Ingila suka bincika, sai suka tarar fadamun da suka rage suna bushewa a hankali, tarkacen ciyawa na cike su, kifi ba ya shiga. Bitan kuwa a gefen ruwa mara zurfi yake farauta. Sai ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB da abokan aikinta suka yashe tsofaffin fadamu kamar Minsmere, suka haƙa sababbi kamar Lakenheath da Ham Wall. Lakenheath gonar karas ce kafin 1995. Ham Wall a Somerset ramukan haƙa ne da aka yi watsi da su. Kuɗin Tarayyar Turai ya taimaka.

Can kudu kuwa, Niyu Zilan ta rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na fadamunta, ana tsintar bitan a rame da yunwa. A Ostireliya noman rani ya janye ruwan kogunan Murray da Darling, har tsuntsun ya koma sheƙa a gonakin shinkafar yankin Riverina, inda ɗaruruwa ke hayayyafa. Zaman aro ne. Shekarar fari manomi ba ya shuka shinkafa, kuma don tsimin ruwa da yawa yanzu suna jinkirta cika gona, sai girbi ya zo 'ya'yan ba su yi fiffike ba.

Akwai masu ɗora laifin kan dila da kyanwa da sauran dabbobin da Turawa suka shigo da su. Suna ɓarna, musamman a Niyu Zilan, ba a musu. Amma Ingila ma cike take da dila, bitan ɗinta ya ninka fiye da sau ashirin da biyar bayan an mayar masa da ruwa.

Aikin Ostireliya ya fi wuya, don kowace litar da za a bar wa fadama akwai manomin da ke jiranta. Shi ya sa shirin Bitterns in Rice, wanda aka fara a 2012, ya nufi manoman kai tsaye, yana roƙonsu su cika gona da wuri su bar ciyawar kan kunya.