Taken Sarkin Ingila: Daga Gidan Wasa zuwa Majami'a

Ranar 9 ga Satumba, 2022, washegarin rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, jama'a suka cika majami'ar St Paul da ke Landan domin yi mata addu'a. Dab da tashi, kowa ya miƙe aka rera taken masarauta, God Save the King, aka ambaci sarki a gurbin da aka shekara 70 ana ambaton sarauniya. Baƙon da bai san taken ba sai ya zaci wata waƙar ibada aka ƙara.

Da dalilinsa. A fadar Hausa, take kirari ne da ake kaɗa wa sarki yana ji. Na Ingila kuwa da Allah yake magana, yana roƙa wa sarki nasara da tsawon rai. Kalmomin sunansa ma suna cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611, inda jama'a ke yi wa sabon sarki addu'a, kamar a naɗin Sulemanu. Wannan labarin naɗi ne makaɗi Handel ya yi wa kiɗa a 1727, kuma tun daga lokacin ba a naɗa sarki a majami'ar Westminster sai an rera wannan waƙa ta Handel.

Sai dai ba a majami'a taken ya fara tashe ba. A Satumban 1745, dakarun Charles Edward Stuart, mai neman ƙwace sarauta, suka fatattaki sojojin Sarki George na Biyu a Prestonpans, hankalin mutanen Landan ya tashi. Sai makaɗi Thomas Arne ya tsara waƙar, aka rera ta bayan wasa a gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane, sauran gidajen wasa suka ɗauka.

Karinta mai sauƙi ne, a natse, ba hawa mai wuya, irin wanda taron masu ibada ke iya bi ba tare da koyo ba. Shi ya sa majami'u suka ara. Wajen 1757 aka sami waƙar ibada mai ma'auni ɗaya da taken, ana rera ta da karinsa, har makaɗi Felice Giardini ya yi mata nata karin a 1769.

Ƙasashe ma sun ara: Rasha, Furusiya, da Suwizalan wadda ta riƙe shi har 1961. Liechtenstein ba ta sake shi ba har yau. Da ta kara da Ingila a ƙwallon ƙafa a 2003, sau biyu aka kaɗa kari ɗaya kafin a take wasa.