Firgicin Hanya: Yadda Jan Numfashi Ke Kwantar Da Jikin Da Ya Razana

Daga wakilinmu a Maraɗi

Wata ranar kasuwa da hantsi, tayar wata babbar mota ta fashe a bakin tasha. Kafin ƙarar ta gama sauka, wani dattijo mai sayar da atamfa, wanda na daɗe da sani, ya riga ya faɗa ƙarƙashin teburinsa, hannu biyu a ka. Yara suka bushe da dariya, maƙwabtan rumfa suka ɗago shi suna cewa ai taya ce, Alhaji. Shi ma ya san taya ce. Amma har aka kira azahar hannunsa bai bar kyarma ba, canjin jika biyar ma sai da yaronsa ya ƙirga masa.

Shekara biyu kafin wannan rana, ƴan bindiga sun tare motarsu a hanyar dawowa daga cin kasuwa, ya yi makonni a daji. Dangi suka haɗa kuɗin fansa, ya dawo gida, aka yi barka, aka yi sadaka, kowa ya ce magana ta wuce. Ga dangi ta wuce. Ga jikin Alhaji kuwa, har yanzu yana dajin.

Irin Alhaji suna da yawa a kasuwannin iyaka, daga Ƙwanni da Illela, zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Maigatari. Tun watan Fabrairun 2015 da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, da shekarar 2019 da dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi gudun ƴan bindiga, da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 inda aka kashe mutum fiye da 40, da wuya a sami fatake ko direban da bai gani da idonsa ba, ko bai rasa wani nasa ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankunan da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata damuwar ƙwaƙwalwa.

Totur da birki

Masana lafiya sun ce akwai wasu jijiyoyi a jikin ɗan Adam masu aiki ba da izninsa ba. Su ke tafiyar da bugun zuciya, da narkar da abinci, da fitar gumi. Kashi biyu ne, kuma direbobi za su fi kowa gane su: ɗaya kamar totur yake, ɗayan kamar birki.

Idan mutum ya ga haɗari, totur ne ke tashi. Jiki ya saki wani sinadari da ake kira adirinalin, zuciya ta riƙa dukan tara-tara, numfashi ya koma sama-sama, baki ya bushe, jini ya ruga ƙafafu da hannuwa don gudu ko kokawa. Wannan rahama ce, domin ita ke tserar da mutum. In haɗari ya wuce sai birki ya kama, zuciya ta sauka, yunwa da barci su dawo.

Yawancin mutanen da suka ga tashin hankali, jikinsu kan koma daidai da kansa cikin kwanaki ko makonni. Amma ga wasu, totur ya kan maƙale. Shi ya sa za ka ga mutum ba ya barci, ko ya riƙa mafarkin abin da ya faru, ƙarar babur ta zabura shi, ba ya zama sai ya fuskanci ƙofa, abu kaɗan ya hau matarsa ko yaron shagonsa da faɗa. Wani ya daina bin hanyar da abin ya same shi, daga nan ya daina zuwa sari gaba ɗaya, jari ya riƙa narkewa. Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma ragwanta ba ce. Rauni ne kamar targaɗe, sai dai ba a ganinsa da ido.

To, mutum ba zai iya umartar zuciyarsa ta rage gudu ba, ba kuma zai iya hana kansa gumi ba. Cikin duk ayyukan nan da jiki ke yi da kansa, numfashi ne mutum ke iya kama linzaminsa cikin sauƙi. Akwai wata doguwar jijiya mai suna bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta ratsa zuciya da huhu har cikin hanji, ita ce babbar wayar birkin nan. Duk sa'ad da mutum ya shaƙi iska zuciya kan ɗan ƙara sauri, in ya fitar kuma ta ɗan sassauta. Don haka wanda ya tsawaita fitar da numfashi a hankali, birki yake takawa. Babba kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya saukar da shi zuwa wajen sau 6, jiki kan fara fahimtar cewa babu mai bin sa.

Daga ina abin ya fito?

Haɗa motsa jiki a hankali da sarrafa numfashi tsohuwar al'ada ce ta ƙasar Indiya, wadda ake kira yoga. Ta bazu a duniya har Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2014, ta ware 21 ga watan Yuni a matsayin ranarta. Sai dai wadda ake yi wa masu firgici ba irin ta lanƙwasa jiki ba ce da ake gani a fina-finai.

A wata cibiyar jinyar firgici kusa da birnin Boston na Amurka, likita Bessel van der Kolk da malamin yoga David Emerson suka tsara wata mai sauƙi. A cikinta malami ba ya taɓa jikin ɗalibi, ba ya ba da umarni, sai dai ya ce in ka ga dama ka ɗaga hannu, in ba ka so ka bari. Dalili shi ne, wanda aka ɗaure ko aka kwantar da shi da bakin bindiga, abin da aka fara ƙwace masa shi ne iko da jikinsa, kuma shi ake son a maido masa.

A 2014 suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mata 64 waɗanda suka daɗe da ciwon firgici. Rabi sun yi wannan motsa jiki sau ɗaya a mako har mako 10, rabi kuma an ba su darasin kiwon lafiya kawai. A ƙarshe kashi 52 cikin 100 na rukunin farko alamun ciwon sun ragu har ba a lissafa su cikin masu shi, a ɗaya rukunin kuwa kashi 21 ne. Gwajin ƙarami ne, don haka likitoci suna ɗaukar wannan hanya a matsayin mataimakiya ga jinya, ba madadinta ba.

A nan Afirka ma an gwada abin da ya yi kama da haka. A arewacin Uganda an koya wa mata ƴan gudun hijirar Sudan ta Kudu kusan 700 dabarun kwantar da hankali na Hukumar Lafiya ta Duniya, ko kulawar da aka saba. Waɗanda aka koya wa sun saurari darasi biyar ne da aka naɗa da murya cikin harshen da suke ji, ba tare da likita a wurin ba, kuma sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna damuwarsu ta fi raguwa. Mu ma'aikatan rediyon karkara, wannan ya kamata ya tsaya mana a rai.

Ina matsayin addini?

Tambaya ce da dole mai karatu ya yi, kuma an yi ta a wasu ƙasashen Musulmi. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda tana haɗe da kirari da ibadar addinin Hindu. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta bambanta: mai ɗauke da ibadar wani addini haramun ce, wadda kuwa motsa jiki da numfashi ce zalla ba laifi. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Abin da za mu bayyana a ƙasa babu kirari ko rusuna wa wani abu a ciki, wanda kuma ya ji shakka sai ya tambayi malaminsa. Malamanmu ma sun daɗe suna karantar da cewa wanda fushi ya kama yana tsaye ya zauna, in bai lafa ba ya kishingiɗa, ko ya yi alwala. Ashe sanyaya zuciya ta hanyar jiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Yadda ake yi

Ba a bukatar ko dala. Ka sami minti biyar, bayan sallar asuba ko kafin kwanciya, ko a bayan rumfa sa'ad da ciniki ya lafa.

Da farko ka zauna a benci ko tabarma, bayanka a jingine, tafin ƙafarka a ƙasa. Ba dole ka rufe ido ba. Masu firgici da yawa rufe ido na maido musu da hoton abin da ya faru, don haka ka kalli wani abu a gabanka.

Na biyu, ka ɗora hannu a ciki. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka bari cikin ya taso, ba ƙirji kaɗai ba. Sannan ka fitar a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa shida, kamar mai hura koko mai zafi. Kada ka riƙe numfashi, kada ka cika huhu da ƙarfi. In ƙirgen ya yi maka tsawo, ka rage.

Na uku, ka haɗa da motsi. Ɗaga kafaɗu zuwa kunne yayin shaƙa, ka sake su yayin fitarwa. Juya wuya dama da hagu sannu-sannu. Miƙa hannuwa sama kamar wanda ya tashi daga barci. Danna ƙafafu a ƙasa, ka lura da yadda ƙasar ta riƙe ka. Mai ciwon baya ko mace mai juna biyu su tsaya a abin da bai takura su ba.

In firgici ya taso maka a tsakiyar kasuwa ko cikin mota, ka fitar da dogon numfashi sau uku, sannan ka ambaci abu biyar da idonka ke gani: buhun gero, sikeli, jar hula, da sauransu. Wannan yana janyo hankali daga daji ya maido shi inda kake. In kuwa ka ji jiri, ko abin ya ƙara tayar maka da hankali, ka dakata, ka tashi ka taka, ka sha ruwa. Ba gasa ba ce. Amfaninsa yana cikin yi kullum, domin ba a fara gyaran birki a kan gangara.

Abin da ya kamata a kiyaye

Da yawa daga cikinmu, in barci ya ƙi sai a nufi mai tallan magani. Tiramol ba ya maganin tsoro, sai dai ya ƙara wa mutum jarabar da ta fi ta farko. Diyazefam da danginsa kuwa, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ma'aikatan lafiya kada su ba da su don rage firgici ko rashin barci a watan farko bayan tashin hankali. Haka nan yawan goro, da shayi mai kauri, da kofi da yamma, totur suke ƙara takawa.

Idan an wuce wata guda alamun ba su ragu ba, ko mutum ya kasa fita nema, ko ya fara tunanin gara ya mutu, to maganar ta wuce numfashi, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Ana iya farawa da asibitin unguwa. Manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram suna da sashen kula da ƙwaƙwalwa, a tsallaken iyaka kuma akwai asibitin Kware kusa da Sakkwato, da na Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Mai jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya kuma a fara auna jininsa, kada a ce firgici ne alhali hawan jini ne.

Sauran aiki yana wuyan abokan rumfa. Wanda ya dawo daga hannun ƴan bindiga, kada a tsare shi da tambayar yadda aka yi, kada kuma a yi masa dariya in ya zabura. A zauna da shi, a ci abinci tare, a raka shi tafiyar farko da ta biyu. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƴan tasha, yadda ake haɗa gudummawa ga wanda gobara ta ci wa kaya, haka ya kamata a riƙa leƙa wanda firgici ya ci wa barci.

Alhaji mai atamfa bai warke sarai ba. Da ɗansa ya kai shi asibiti, wata ma'aikaciyar jinya ce ta nuna masa wannan ƙirge na huɗu da shida, ya kuma riƙe shi bayan kowace sallar asuba. Har yanzu in an buga ƙofar mota da ƙarfi ya kan zabura, amma ya koma zuwa sari, kuma shi ke ƙirga canjinsa da hannunsa.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.