Matsayin Furotin Masu Riƙe Him a Haɗa Abincin Tsirrai: Misali Daga Gonakin Gyaɗa na Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikin furotin masu riƙe sinadarin him wajen fotosintesis, wato yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, tare da nuna abin da wannan ke nufi ga manoman gyaɗa a Gwarzo da Kabo.

Him da Kulorofil

Him wani zobe ne mai ƙwayar ƙarfe a tsakiyarsa, kuma shi ne ke ba jini launin ja. Tushensa ɗaya da kulorofil, mai ba ganye launin kore: idan tsiro ya sanya ƙarfe cikin zoben sai a sami him, idan kuwa maganiziyam ya sanya sai a nufi kulorofil.

Aikinsu a Cikin Ganye

Kulorofil ke kama haske, amma ba shi kaɗai ke kammala aikin ba. Sassan kama haske biyu ne, kuma wajibi ne ilektoron ya ƙetare daga wannan zuwa wancan. Masu wannan dako su ne furotin da David Keilin ya raɗa wa suna saitokurom a 1925. A 1951 Hill da Scarisbrick suka bayyana saitokurom f na ganye, sannan a 1960 Hill da Bendall suka nuna matsayin saitokurom tsakanin sassan biyu. Ƙarfen him yana karɓar ilektoron ya miƙa shi gaba, kuma da ƙarfin da ake samu a nan tsiro ke mai da iskar kabon sukari.

Aikinsu a Cikin Saiwa

Sukarin nan yana gangarawa zuwa ƙullutan saiwar gyaɗa, inda bakteriya ke kama naitirojin daga iska. Oksijin mai yawa yana ɓata wannan aiki, don haka wani furotin mai him, legihimogulobin, wanda Kubo ya gano a 1939, ke riƙe shi yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Naitirojin ɗin kuma yana komawa ganye don gina kulorofil. Ashe ganye da saiwa cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi.

Kammalawa

Daga wannan bayani malamin gona zai iya riƙe alamu biyu. Na farko, a tuge gyaɗa a tsaga ƙullutu: ja a ciki shaida ce cewa yana aiki, fari ko kore kuwa ba ya yi. Na biyu, idan sababbin ganye suka yi rawaya jijiyoyinsu na kore, a zargi ƙarancin ƙarfe. Idan tsofaffin ganye suka fara, a zargi naitirojin. Manomin da bai bambance su ba zai iya kashe kuɗinsa a kan takin da ba zai magance matsalar ba.