Hawainiyar da ta ƙi abinci, ruwa take nema

Suk al-Shabi biyu ce, ɗaya a kudancin Kartum, ɗaya a Omdurman, kuma kowacce kasuwa ce haɗe da tashar mota. Hausawan Sudan, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka da na waɗanda suka bi Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san irin waɗannan kasuwanni ciki da bai. A wurin da ciyawa da itace da kwandunan lemo ke shigowa daga gonaki, ba abin mamaki ba ne yaro ya tsinci hawainiya cikin kaya, ya jefa ta a kwali ya kai gida. Bayan 'yan kwanaki sai ta daina cin komai, idanunta su faɗa, jikinta ya yi duhu, ta lafe a ƙasa. Mai ita kuma ya dage da tura mata fara a baki.

Galibi ba yunwa ce ke kashe ta ba, ƙishirwa ce. Hawainiyar yankin Sahel, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, ita ce dai muke gani a lambunan Kano da Maraɗi, kuma tana nan har gaɓar Nilu. A kan bishiya take rayuwa, ruwanta kuma raɓa ne da ɗigon ruwan sama a kan ganye. Idonta motsi yake kamawa da ƙyalli. Saboda haka za ka iya ajiye mata tasa cike da ruwa ta mutu a gefenta ba ta sa baki ba. Ga shi Kartum gari ne mai busasshiyar iska, zafinsa kan haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, ruwan sama kuma ɗan kaɗan ne. Cikin kwali ko bokitin roba a ƙarƙashin rufin kwano, dabbar tana bushewa ne tun da ranta.

Alamar da ta fi saurin faɗin gaskiya tana cikin kashinta. Hawainiya ba ta fitsari kamar akuya, tana fitar da shi ne a daskare, fari, haɗe da kashi, irin na tsuntsu. Idan farin nan ya koma ruwan ɗorawa ko ya yi ja-ja, ruwan jikinta ya ragu sosai. A haɗa da idanun da suka zurma, da yawu mai yauƙi, da rufe ido da rana tsaka. Lafiyayyiyar hawainiya ba ta barcin rana. In aka bar ta a haka ƙoda ce ke lalacewa, ita kuwa in ta lalace da wuya ta dawo.

Maganin farko ba ya cin kuɗi. A samo reshe mai ganye, na lemo ko gwaiba, wanda ba a yi wa feshin maganin ƙwari ba. A fesa masa ruwa mai tsabta, ba mai sanyin ƙanƙara ba, da sassafe da kuma yamma, a ɗan daɗe ana fesawa, domin takan ɗauki lokaci kafin ta fara haɗiya. Sannan a huda gindin robar ruwa da allura a rataye ta sama, ta riƙa ɗiga kan ganyen. Mai ita ya ja da baya, don ba ta sha idan ana tsaye a kanta.

Abin da nake roƙo a guje masa shi ne buɗe mata baki da ƙarfi a ɗura ruwa. Ƙofar numfashinta tana ƙasan bakin, kusa da harshe, kuma ruwan da ya kuskure ya faɗa huhu yakan jawo ciwon da ya fi ƙishirwar muni. Idan ta buɗe baki da kanta tana lasa, a iya ɗiga mata ɗigo ɗaya-ɗaya a gefen leɓe.

Kejinta ya zama na raga, iska na shiga, da rassa sama da ƙasa, da inuwa mai kauri. Tana bukatar ranar safe, wadda ba ta ratso gilashi ba, domin gilashi yana tare hasken da fatarta ke amfani da shi wajen haɗa sinadarin bitamin D3. Babu shi, kalsiyam ba ya shiga ƙashi: ƙafafu su karkace, muƙamuƙi ya yi laushi, harshen nan da take harbawa, wanda ya fi tsawon jikinta, ya kasa kamo ko ƙuda. Ranar tsakiyar yini ta Omdurman kuwa kisa ce. Kada a haɗa biyu a keji ɗaya, kuma a hana yara ɗaukarta. Ba ta da dafi, saɓanin abin da aka tsoratar da mu da shi, amma yawan taɓawa yana firgita ta har ta ƙi ci.

Sai ta sha sannan a yi zancen abinci: ƙananan fara da gyare masu rai, waɗanda ba su fi faɗin kanta ba, daga wurin da ba a yi feshi ba, a ɗan barbaɗa musu garin kalsiyam. Idan mace ce mai kumburarren ciki tana sauka ƙasa tana tono, ƙwai take son sawa, a ba ta tukunya mai zurfi cike da ƙasa mai laima. Wadda ƙwai ya maƙale mata, ko bakinta ke ɗauke da ruɓa, ko ta kwana biyu ba ta sha ba, ta likitan dabbobi ce. Shi ke iya sa mata ruwa ta ƙarƙashin fata ya kuma duba tsutsar ciki, wadda ta yi yawa a jikin waɗanda aka kamo daga daji.

Wani zai ce Kartum, garin da yaƙi ya ɗaiɗaita tun 15 ga Afrilun 2023, yana da abin da ya fi wannan damuwa. Gaskiya ne, ran mutum ne a gaba. Amma yaƙin nan ya nuna halin dabbar da aka tsare: a gidan adana halittu na Jami'ar Kartum, macizai da kadoji da tsuntsaye sun mutu da yunwa da ƙishirwa a kejinsu, saboda ma'aikata sun rasa hanyar isa gare su. Wanda ya rufe rai a keji ya ɗauki amanar ruwansa, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin matar da ta tsare kyanwa.

Shi ya sa nake ganin hawainiyar da aka tsinta, da zarar ta sha ta iya riƙe reshe, a mayar da ita inda take da raɓa da ƙwari, kamar lambunan tsibirin Tuti ko bishiyoyin bagaruwa na gaɓar Farin Nilu. Wannan bai shafi baƙuwa ba, irin ta Yaman mai dogon tulluwa a ka da ake kiwo a ƙasashen waje. Ita ba a sakinta a dajin da ba nata ba, kuma fataucin dukkansu tsakanin ƙasashe sai da takardar izini ƙarƙashin yarjejeniyar CITES.