Yadda A Ke Taimakon Yara Masu Larura A Gidajen Raino Na Ingila

Hausawa sun ce, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wannan magana ita ce tushen wani aiki da a ke yi a gidajen raino na Ingila, watau a gane yaron da girmansa ya ke tafiyar hawainiya tun bai kai munzalin shiga makaranta ba, a taimake shi, a kuma taimaki iyayensa. Wani yaro ba ya ji sosai, wani ya shekara uku bakinsa bai buɗe ba, wani kuwa ba ya iya wasa da tsaransa. Galibinsu ba a ware su, tare da sauran yara a ke rainonsu.

Asalin gidajen rainon nan ya daɗe. Cikin 1914 waɗansu mata biyu, ya da ƙanwa, Rachel da Margaret McMillan, suka buɗe gidan raino a Deptford, wata unguwa ta matalauta a birnin Landan. Sun lura cewa yaro mai yunwa da cuta ba ya koyon kome, saboda haka suka haɗa wanka da abinci da shan iska da koyarwa wuri ɗaya. Amma yara masu naƙasa sun daɗe a ware. Sai cikin 1978 wani kwamiti da Mary Warnock ta shugabanta ya ba da rahoto, ya ce cikin yara biyar a kan sami kamar ɗaya wanda zai bukaci taimako na musamman a wani lokaci na karatunsa. Dokar ilmi ta 1981 ta bi shawarar, ta ce in da hali a koya wa irin yaran nan tare da 'yan'uwansu.

To, ta yaya a ke gane yaron? Aikin ya kan fara tun daga haihuwa. Tun 2006 ko wane jariri a Ingila a kan nemi a gwada jinsa, a sa masa wani ɗan abu a kunne mai 'yar ƙara, na'ura ta nuna ko kunnen ya amsa. Dalili kuwa, cikin jarirai 1,000 a kan sami ɗaya ko biyu da aka haifa da raunin ji, wanda kuwa bai ji magana ba, da wuya ya yi ta. Bayan wannan akwai ma'aikaciyar lafiya mai zagaya gidaje, ta kan duba yaro in ya kai shekara biyu zuwa biyu da rabi. Haka nan kuma tun 2012 wajibi ne gidan raino ya rubuta wa iyaye takarda a kan yaronsu tsakanin shekara biyu da uku, a faɗi inda ya yi ƙarfi da inda ya ke baya wajen magana, da motsa jiki, da cuɗanya da mutane.

In an ga alama, ba a kan yi gaggawar laƙaba wa yaro sunan wata cuta ba. Akwai malama guda wadda aka ɗora wa kula da sha'anin yara masu larura. Ita za ta zauna da iyaye, a bi matakai huɗu: a auna, a shirya, a aikata, sa'an nan a sāke dubawa. Misali, yaron da bai iya faɗin abin da ya ke so ba, a kan jera masa hotuna a bango, na ruwa, na abinci, na bayan gida, ya riƙa nunawa. A kan kuma yi amfani da Makaton, watau alamun hannu da a ke yi tare da furta kalma, waɗanda aka ƙago a Ingila wajen 1970. Sauran yara su ma su kan koya, har ya zama wasa. In an yi 'yan makonni aka ga ba ci gaba, sai a gayyaci masanin gyaran magana ko likitan yara. In larurar ta yi nauyi, dokar 2014 ta ba iyaye ikon neman hukumar gari ta rubuta wa yaron takardar shiri wadda ta haɗa ilmi da lafiya da kulawa, ta kuma yanke cewa a gama ta cikin mako 20.

Iyaye ba 'yan kallo ba ne cikin wannan aiki. Akwai wata hanya da a ke kira Portage, sunan wani gari ne a jihar Wisconsin ta Amurka, inda aka fara ta cikin 1969, ta iso Ingila cikin 1976. Malama ta kan zo gida, ta rarraba abin da a ke so yaro ya koya ƙanana ƙanana. In riƙon cokali ne, yau a kama hannunsa duka, jibi a kama wuyan hannu, gaba a taɓa gwiwar hannu kawai, har ya kai baki da kansa. Uwa da uba su ne za su yi ta maimaitawa kullum, gama malama sa'a guda ta ke yi ta tafi.

Akwai abin da ya shafi Hausawa mazauna Ingila a nan. Yaron da a ke yi wa Hausa a gida, ya je gidan raino ya tarad da Turanci, ya kan yi shiru na ɗan lokaci yana saurare. Wannan ba larura ba ce, ƙa'idar hukuma ma ta faɗi sarai cewa rashin jin Turanci kaɗai ba ya sa a lissafa yaro cikin masu larura. Abin da malama za ta tambaya shi ne, yaya Hausarsa ta ke? In yana hira da uwarsa a gida, to, sai a ba shi lokaci. In kuwa a harsunan biyu duka ya ke baya, a nan ne a ke bincike. Jin harshe biyu ba ya jawo larurar magana, don haka ba daidai ba ne iyaye su daina yi wa ɗansu Hausa saboda tsoro.

Aikin dai ba ya rasa cikas. Masanan gyaran magana ba su wadata ba, a kan yi watanni ana jiran layi, hukumomin gari da yawa kuma su kan wuce mako 20 ɗin nan. Wani cikas ɗin kuwa daga gida ya ke. Kunya ta kan sa waɗansu iyaye su ɓoye yaro, ko su ce ai kawunsa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana. Mai yiwuwa ne haka ɗin ne, amma in an gwada yaro aka tarar lafiya lau ya ke, ba a yi hasarar kome ba. In kuwa an yi jinkiri alhali kunnensa ne ba ya ji, shekarun da ya kamata ya kama magana cikinsu sun wuce, ba su kuwa komowa. Saboda haka uwar da hankalinta bai kwanta da girman ɗanta ba, abin da ya fi shi ne ta faɗa wa malamar gidan raino ko ma'aikaciyar lafiya tun da wuri.